Babi na Biyar: Abin da Sikeli Ba Ya Faɗa

A Likoro, kamar sauran garuruwan Kudan da Makarfi da Ikara, jikin mutum ake fara tambaya kafin a tambayi bakinsa. Amarya ta zo ganin gida bayan 'yan watanni, gwaggonninta za su kewaye ta, su dubi kumatu da wuya da damtse, sannan su yanke hukunci. In ta cika sai a ce, "Masha Allah, gidan miji ya karɓe ki." In ta zube sai a ja ta ɗaka a sakaya ƙofa: "Faɗa mana gaskiya, 'yar nan, me yake yi miki?" Namiji ma bai tsira ba. Wanda ya tafi Legas ko Abuja neman kuɗi ya dawo da tumbi, ba sai ya buɗe baki ba, kowa ya san ya samu.

Wannan kallo yana da asali, kuma bai kamata a raina shi ba. Kakanninmu sun ga yunwar Kakalaba ta 1914, iyayenmu sun ga farin 1973, kuma kowace shekara akwai watannin tsakiyar damina da rumbu ke yin ƙasa alhali aikin gona ya kai maƙura. A irin wannan rayuwa rama tana nufin ɗaya daga abu uku: yunwa, ciwo ko baƙin ciki. Wanda ya ga ɗansa ya murje ya yi hamdala, hujjarsa mai ƙarfi ce.

Sai ga wata murya ta shigo ta cikin waya. A TikTok da Facebook da zaurukan WhatsApp na mata ana tallan shayin rage teɓa, da garin narka kitse, da ɗamarar matse ciki, kowanne da alƙawarin kwana bakwai ko wata guda. Yanzu a gida ɗaya za ka iya samun budurwa tana haɗiyar ƙwayar ƙara ƙiba saboda bikinta ya matso, yayarta da ta haifi uku kuma tana dafa shayin zubar da ita. Kamar sun saɓa, amma wurin tambayarsu ɗaya ne: madubi da sikeli da bakin mutane. Babu wadda ta tambayi zuciyarta ko jininta ko ƙodarta.

Ƙwayar da ake kira sha-ka-fashe ba maganin ƙiba ba ce tun asali. Galibi deksametason ce ko wata 'yar'uwarta daga rukunin sitiroyid, magunguna masu ƙarfi da likita ke bayarwa na ɗan lokaci ga mai asma da ta tsananta ko mai kumburin gaɓoɓi. Sau da yawa ana haɗa ta da sifroheftadin, maganin ƙaiƙayi da atishawa mai buɗe ciki da sa barci. Abin da deksametason ke yi idan an daɗe ana sha sananne ne ga duk wanda ya karanci aikin lafiya. Tana sa jiki ya riƙe ruwa da gishiri, tana tara kitse a fuska da ƙeya da ciki, tana cinye naman cinya da damtse. Fuska ta yi zagaye kamar an hura, ƙafafu kuma su sirance. A ciki jini yana hawa, suga yana hawa, ƙashi yana yin laushi, garkuwar jiki tana raunana har ƙaramin ƙurji ya ƙi warkewa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da yarinya ta tsorata ta daina sha farat ɗaya. Jikin da ya saba samun sinadarin daga waje ya riga ya rage yin nasa, don haka tana iya yanke jiki ta faɗi, jini ya yi ƙasa, rai ya shiga haɗari. Wadda ta daɗe a kan wannan ƙwaya sai ta je asibiti a sauke ta a hankali, kuma ta faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiyar abin da take sha da tsawon lokacin da ta yi tana sha.

Shayin rage teɓa shi ma ba kitse yake taɓawa ba. Yawancinsa ganyen filasko ne da makamantansa masu sa gudawa, ko masu sa yawan fitsari. Sikeli zai nuna an ragu da kilo biyu, amma ruwa ne ya fita, kuma da an sha ruwa ya dawo. Akwai mafi muni. Wani maganin rage ƙiba mai suna sibutiramin, an janye shi daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 bayan an gano yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma hukumomin magunguna sun sha kama shi a ɓoye cikin shayi da ƙwayoyin da aka rubuta wa "na ganye zalla". Mai hawan jini da ba ta san tana da shi ba, ita ce ta fi shiga uku da irin wannan.

Duk wanda ya taɓa sayen rago a kasuwar Makarfi ya san ba a yarda da girman ciki. Gwani yana dafa gadon baya ya ji tsoka, ya buɗe baki ya ga haƙori, ya ja fatar ido ya ga jini, ya sa a kora dabbar ya ga tafiyarta, domin ya san ana iya ɗura mata ruwa da dusa da asuba ta kumbura. Wannan basira muna da ita a kan dabba. A kan 'ya'yanmu da matanmu da kanmu ne muke tsayawa a kallon cika.

Ƙasar Zazzau tana da labari a tarihin likitanci na duniya da ya shafi wannan batu kai tsaye. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka lura da yawan masu jego da ake kawowa da kumburin ƙafa da fuska, da haki, da tari idan sun kwanta. Zuciya ce ta gaza bayan haihuwa. Likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi mata 224 masu wannan ciwo, suka wallafa abin da suka gani a 1978. Yawan da aka samu a Zariya, kusan haihuwa ɗaya cikin 100, ya ninka na Turai sau da yawa, har sunan garin ya shiga littattafan ciwon zuciya. Su sun ɗora laifin a kan kunun kanwa, wanda ke cika jiki da gishiri, da wankan jego da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi. Shekaru kusan 40 bayan haka Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranci wani bincike a asibitoci da dama na Najeriya, aka wallafa a 2020. Ciwon yana nan daram a Arewa maso Yamma, haihuwa ɗaya cikin 96. Amma abubuwan da suka fito a matsayin masu ƙara haɗari su ne rashin karatun boko, rashin sana'a, hawan jini na lokacin ciki, da ƙarancin nauyin jiki. Wato matan da jikinsu bai samu abin da yake buƙata ba su ne a gaba wajen kamuwa.

A nan ne ido ya fi yaudara. Mai jegon da zuciyarta ke gazawa nauyinta ƙaruwa yake yi, saboda ruwa yana taruwa. Masu zuwa barka suna iya cewa jego ya karɓe ta. Gwajin ba ya buƙatar na'ura: a danna yatsa a kan ƙashin ƙauri na ɗan lokaci, in ramin ya zauna bai cike ba, ruwa ne. Idan ga haki, ga kasa kwanciya sai an jingina ta da matasai, to ba zancen jiƙo ko turare ba ne, zancen mota ne zuwa asibitin Hunƙuyi ko na Shika a ranar. Haka yake ga yaro mai tamowa irin ta kumburi: kumatu sun cika, ƙafa ta cika, amma gashi ya yi ja ya yi laushi, ba ya wasa, ba ya son abinci. Shi ya sa ma'aikatan lafiya ke auna damtsen yaro da ɗan tef mai launi, su danna bayan ƙafarsa, ba sa wadatuwa da sikeli.

Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna yadda matsalar take da fuska biyu. Cikin matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49, kashi 28 cikin 100 nauyinsu ya wuce kima, kashi 12 kuma ramammu ne. Amma kashi 58 suna da ƙarancin jini, adadin da ya fi waɗancan biyu a haɗe. Ƙarancin jini ba ya zaɓar siririya ya bar mai jiki. Mace tana iya cika kujera alhali jininta bai kai ya ɗauke ta ta haihu lafiya ba, domin tuwo da shinkafa da taliya suna cika jiki ba tare da sun ba shi sinadarin ƙarfe ba. A Arewa maso Yamma kuma kashi 57 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsawonsu bai kai na shekarunsu ba.

Siririn manomi kuma yana da tasa yaudarar. Ka ce masa ya je a auna jininsa sai ya yi dariya: "Ni da nake yini a fadama ina saran rake? Hawan jini ai na masu tumbi ne." Wani nazari da Davies Adeloye da abokan aikinsa suka wallafa a 2021 ya ƙiyasta cewa kusan baligi ɗaya cikin uku a Najeriya yana da hawan jini, mutum miliyan 27.5 a 2020, kuma kashi 29 kacal suka san suna da shi. Gado da shekaru da gishiri da ciwon ƙoda duk suna kawo shi ko jiki babu kitse. Ba ya ciwo, ba ya sallama. Sau da yawa sanarwarsa ta farko ita ce baki ya karkace, hannu ya saki, a fara cewa iska ce ta buge shi. Ciwon suga ma likitocin Afirka sun daɗe suna ganinsa a jikin ramammu. Tun 1955 aka bayyana wani nau'insa a Jamaika a tsakanin matasa sirara, kuma a Afrilun 2025 ƙungiyar ciwon suga ta duniya ta amince da shi a matsayin nau'i na biyar, wanda ke da alaƙa da yunwar da mutum ya sha tun yana ƙarami. A yankin da fiye da rabin yara suka tsumbure, wannan labari namu ne.

To daga ina sikeli ya samu wannan sarauta? Lissafin da ake raba nauyi da tsawo wani masanin ƙididdiga ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya ƙirƙiro shi a shekarun 1830 don ya siffanta matsakaicin Bature, ba don duba maras lafiya ba. Ba'amurke Ancel Keys ya farfaɗo da shi a 1972. Yana da amfani idan ana ƙirga al'umma, amma a kan mutum ɗaya ba ya bambance tsoka da kitse da ruwa, kuma ba ya faɗin inda kitsen ya zauna. Ɗan dambe mai ƙirar ƙarfi yana iya faɗawa sahun masu ƙiba, mai siraran ƙafafu da tulun ciki kuma ya fita a mai lafiya. A 2023 ƙungiyar likitocin Amurka ta ce kada a dogara da shi shi kaɗai.

Ba ina cewa ƙiba ba ta da illa ba. Tana da ita, kuma duk wanda ya ce babu ya cuci mai sauraronsa. Tana cin gwiwa, tana toshe numfashi a barci, tana tara kitse a hanta, tana share wa suga hanya. Mai ƙiba da sugansa ya fara hawa, in ya rage ko da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinsa, zai ga bambanci a awonsa. Abin da nake ja da shi shi ne a mai da lambar sikeli ita ce manufa, domin wanda ya yi haka zai karɓi kowace hanya da ta rage lambar, ko da mai cutarwa ce, kuma zai watsar da kowace hanya mai amfani da ba ta rage ta ba.

Akwai wata gasar rage ƙiba da aka daɗe ana nunawa a talabijin ɗin Amurka. Mai bincike Kevin Hall ya bi mutum 14 daga cikin 'yan gasar. Sun zubar da kilo 58 kowanne a matsakaici cikin mako 30. Bayan shekara shida kilo 41 ya dawo, kuma jikinsu yana ƙona abinci ƙasa da yadda ya kamata ga mai girmansu. An wallafa wannan a 2016. Jiki yana ɗaukar horon yunwa a matsayin fari, sai ya tsuke hannu. Wanda ƙibarsa ta dawo bayan ya sha wahala kada ya zargi kansa da lalaci, halittar jiki ce take yin aikinta.

Kwatanta wannan da abin da aka yi a garin Da Qing na ƙasar Sin daga 1986. An ɗauki mutum 577 da sugansu ya fara hawa amma bai zama ciwo ba. Wasu aka gyara musu abinci, wasu aka nemi su ƙara motsa jiki kaɗan a kullum, kamar tafiyar sauri ta minti 20, wasu aka bar su yadda suke. Bayan shekara shida, masu motsa jiki haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 46, masu gyaran abinci da kashi 31. Sirara da masu jiki duk sun amfana kusan daidai. Mace da ta yi wata uku tana tafiya kullum, ta hau sikeli ta ga bai motsa ba ta ce aikin banza ne, ta yi kuskuren lissafi. Hawan jininta ya sauka, barcinta ya gyaru, tana hawa tudu ba haki, kuma duk waɗannan sikeli ba ya ganinsu.

Abin da ya kamata baligi ya sani game da jikinsa bai da yawa, kuma ba shi da tsada. Awon jini na farko: in ya kai 140 bisa 90 a ranaku biyu daban-daban, hawan jini ne, sai a bi magani ko da ana jin garau. Awon suga kafin karin kumallo: 126 ko sama da haka, in an maimaita ya tabbata, ciwon suga ne. Mai ciki da mai shayarwa da budurwa su san yawan jininsu. Sai kuma ƙugu, wanda igiya ma ta isa. A yanko ta daidai tsawon mutum daga ƙafa zuwa ka, a ninka biyu, a zagaya ciki da ita ɗan sama da cibiya. In bakin bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, kuma shi ne mai haɗari, domin yana kewaye da hanta da hanji, ba kamar na cinya da mazaunai ba. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya ta ɗauki wannan ma'auni a 2022. Ba ya aiki ga mai juna biyu. Muna da makarantar Shehu Idris ta horar da ma'aikatan lafiya a Makarfi, kuma da wuya ka samu gari a yankin nan da babu wanda ya iya ɗaura na'urar awon jini. Ina ganin masallacin Juma'a da makarantar Islamiyya ta matan aure sun fi ko'ina dacewa da a riƙa yin wannan awo, ko da sau ɗaya a wata.

Rayuwar Likoro ta canja a cikin ƙarni ɗaya ta hanyoyin da babu wanda zai so a koma baya. Babur ya karɓi aikin ƙafa da keke. Feshin maganin ciyawa ya rage sunkuyo da fartanya. Injin niƙa ya hutar da mata daga daka da dutsen niƙa, kuma duk wanda ya ga tafin hannun kakarsa ba zai yi kewar wannan wahala ba. Amma motsin da ya fita daga rayuwa babu abin da ya maye gurbinsa, musamman ga matar da ke cikin kulle, wadda duniyarta ta yini ita ce daga ɗaki zuwa madafi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana neman baligi ya yi aƙalla minti 150 a mako yana motsin da zai ɗan ɗaga numfashi, wato rabin awa a kwana biyar. Ana iya cika shi da kewaya tsakar gida da sauri bayan asuba, da shara, da ɗiban ruwa, da zuwa Islamiyya ko unguwa a ƙasa. A nan maigida yana da hakki a wuyansa. Wanda ya hana matarsa taka ƙasa, ya kuma yi mata gorin jiki, ya haɗa mata zalunci biyu.

Abinci kuwa, mafi yawan abin da ake buƙata yana cikin gona da bayan gida. Dawa da gero da ba a surfe su har sun yi fari tas ba, wake, gyaɗa, waken suya da awararsa, zogale, kuka, kuɓewa, karkashi, yakuwa, nono, ga tumatir da albasa da tattasai da yankin nan ke lodawa a manyan motoci zuwa kudu. Gyaran da ake nema shi ne miya ta yawaita, malmala ta ragu, wake ya riƙa shiga tukunya sau da yawa a mako, kuma ƙwan da kazar gida ta yi ya shiga bakin yaro da mai ciki kafin a kai saura kasuwa. Gishirin da ya ishi baligi a yini bai kai giram biyar ba, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, alhali dunƙulen ɗanɗano kusan rabinsa gishiri ne, kuma ana jefa shi a tukunyar da aka riga aka sa wa gishiri da kanwa. Daddawa tana ba da ɗanɗano ba tare da wannan lodi ba. Ƙasar rake ce tamu, don haka sai an faɗi gaskiya game da zaƙi: mazarƙwaila suga ce, zuma ma suga ce, kuma ga mai ciwon suga jiki bai san bambancinsu da na kwali ba. Amma wanda ya zauna ya sha gaɓa biyu na rake bai kai wanda ya kwankwaɗe lemon kwalba na rabin lita ba, domin wasunsu suna ɗauke da ƙaramin cokali 10 na suga ko fiye. Kofin mai shayi da ake zuba wa suga da babban cokali safe da dare shi ma a sa shi cikin lissafi. Koyarwar Manzon Allah (SAW) ta raba ciki gida uku, abinci da ruwa da numfashi, kowa ya haddace ta, kuma ta shafi siriri kamar yadda ta shafi mai jiki.

Akwai lokacin da sikeli ke da magana mai muhimmanci, wato idan ya motsa ba tare da an nema ba. Mutumin da ke ramewa alhali yana cin abinci, ga ƙishirwa, ga tashi fitsari sau da yawa cikin dare, a auna sugansa a makon, kada a taya shi murnar tumbi ya tafi. Wanda ke ramewa da tarin da ya wuce mako biyu da zufar dare, a kai majinarsa gwajin tarin fuka, gwaji da magani duk kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma ana warkewa in an cika wata shida ana sha. Dattijon da wandonsa ya fara zamewa, ga rashin son abinci ko canjin bayan gida, a kai shi likita ya bincika tun da wuri. Wanda kuma nauyinsa ya ƙaru cikin 'yan kwanaki, takalmi ya matse, zobe ya ƙi fita, fuska ta kumbura da safe, a duba zuciyarsa da ƙodarsa kafin komai.